Ranar da Na Yi wa Kakar Lucy Sadaka

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan a Ingila ba, ko yanzu in ina cikin jirgin ƙasa daga Fordham Road na tuno shi sai in rufe fuska in yi ta dariya ni kaɗai kamar wata sabon kamu.

Lucy ƙawata ce, ajinmu ɗaya a koleji a nan Bronx, 'yar Ingila ce. Hutun ƙarshen shekara ta ce in zo mu je ƙauyen kakarta mu yi sati. Da ƙyar Umma ta yarda. A filin jirgi ma sai da ta riƙe min kunne ta ce, "Gidan mutane za ki, ki kama kanki. Kar in ji, kar in gani." Na ce, "Haba Umma, ni ce fa!" (Ni ce ɗin kuwa.)

Da muka isa Ingila muka sauka a wata 'yar tashar jirgin ƙasa, Lucy ta ce kawunta zai ɗauki jakunkunanmu a mota, mu kuma mu taka, ba nisa. Wayyo daɗi! Muka ratsa wani daji mai sanyi, bishiyoyi sun haɗe kai ta sama, ƙasa na ƙamshi kamar an yi ruwan farko. Muka fito cikin gonaki, tumaki ƙosassu suna kallonmu, muka haura shinge ta wani ɗan tsanin katako, muka wuce wani tsohon ƙauye mai gidajen dutse. Ni kuwa waya a hannu, hoto nake ta zubawa a sitatos ba kama hannun yaro.

Wani maƙwabci ya tsare Lucy da surutu, ni na yi gaba. Ina shan kwana sai ga gida da jinkar ciyawa. Ciyawa fa! Take na tuno ɗakin Inna, kakata, can ƙauyenmu wajen Damagaram, da yadda muke jera kwanuka don tarar yoyo in damina ta sauka. Ga kuma wata tsohuwa a bakin ƙofa, rigar sanyi duk faci, takalmin roba ya sha laka, tana jan ƙirare da ƙyar.

Zuciyata ta karye. Na rubuta, "Ashe Ingila ma akwai bayin Allah," na tura. Sannan na ruga na karɓi itacen na ajiye mata, na zaro kuɗi na ninke ƙanana, na danna mata a tafin hannu na dunƙule, yadda Umma ta koya mana don kar a kunyata mutum. Har da rusunawa. Na ce mata da Turanci, "Iya, ba yawa, ki sa mu a addu'a."

Ta kalli hannunta, ta kalle ni, ta ce, "To, na gode."

Ina cikin jin kaina wata waliyyiya sai ga Lucy a guje tana ihu, "Kaka!" Ta faɗa jikin tsohuwar.

Jama'a, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige har da mayafina. Matar da zan kwana gidanta sati guda ke nan, ban ma kai ga gaishe ta ba na mayar da ita mabaraciya. Tumakin da na yi ta ɗauka hoto? Nata ne. Gonakin da muka ratsa? Nata. Jinkar da na tausaya wa kuwa, Lucy ta raɗa min cewa gyaranta kawai ya fi kuɗin motar Abba.

Na yi zaton an wuce wurin. Ina! Muna zaune ana shan shayi, kawu da matarsa duk suna nan, tsohuwa ta warware kuɗin a kan tebur, ta goge shi da yatsa, ta ce, "'Yan mata, wai wannan na mene ne?"

Na ce, "Kaka, a wurinmu in an ga rufin ciyawa da tsohuwa da itace... to, taimakawa ake yi."

Sai kawu ya fesar da shayinsa, Lucy ta zame daga kujera. Kaka ta yi dariya har da hawaye. Na miƙa hannu zan janye abina, ta ɗan buge min yatsu ta ce, "A'a! Tun da aka haife ni ba a taɓa min sadaka ba. Wannan nawa ne."

Daga nan ta matso da kujerarta ta ce in ba ta labarin ɗakin Inna: wace ciyawa, wa ke jinka, yana yoyo? Muka yi ta hira har shayi ya huce. Kullum da safe kuma ni da ita muke zagaya gonakin, tana faɗa wa duk wanda muka haɗu da shi, "Ga mai taimaka min nan."

Wallahi ina kewar wurin, musamman in hayaniyar Bronx ta ishe ni. Amma na koyi darasi: yanzu in tausayi ya taso min, kafin hannuna ya kai jaka ko yatsana ya kai waya, sai na fara tambaya, "Don Allah, gidan wa ne wannan?"