Alamar Ruwa a Kan Hancin Mai Girma

Ranar Litinin da hantsi na je ofishin ƙungiyarmu ta masu noman rani don in karɓo takardar ruwa, sai na dawo gida da labari. Albasar da na dasa a wajen Bunkure kuwa ba ta shan labari. Ran nan kwananta tara rabonta da ruwa, ganye ya fara kwanciya, bakinsa ya soma ƙonewa. Duk wanda ya taɓa noma albasa ya san in aka ƙara kwana uku a haka, sai dai a yi wa mutum jaje.

Bari in yi wa na birni bayani. A da, idan layinka ya zo, wurin Mika'ilu za ka, mai buɗe ƙofar da ke sako ruwa daga babban kanal zuwa gonakinmu. Ya san fuskar kowa, ya san ranar kowa, ya murɗa ƙarfensa ruwa ya taho. To bara sai Allah Ya kawo mana ci gaba. Wani shiri na taimakon manoma ya ba ƙungiyarmu kwamfuta da firinta da sola, da wata manhaja mai tsara layin ban ruwa. Aka ce daga yau ba a buɗe ƙofa sai da takardar da ta fito daga cikinta, kuma duk takardar da Mika'ilu ya karɓa sai ya adana, domin masu duba aiki za su zo su gani.

Ranar ƙaddamarwa kam an yi abin kirki, ban ƙi gaskiya ba. Rumfa uku, motoci sun fi ashirin, maroƙa har da na haya. Mai Girma Shugaban Shirin, Garkuwan Manoma, Inuwar Masu Fartanya, ya zo da kansa ya danna manhajar sau ɗaya, ba ta buɗe ba, aka yi tafi. Wani ya raɗa masa cewa sau biyu ake dannawa, ya ƙara ɗaya, aka ƙara tafi. Mu da muka tsaya a rana aka raba mana huluna masu hotonsa. Tawa tana nan, Barira matata na tankaɗe gari a kanta.

Na dawo kan Litinin. Na tarar da Sammani, sakataren ƙungiya, ya haɗa tagumi a gaban kwamfutar, manoma sun fi goma a kan benci suna jiran takarda.

Na ce, "Malam Sammani, lafiya? Ko sola ce ta ƙi?"

Ya ce, "Wuta lafiya lau, Malam Ɗanladi. Manhajar ce ta tafi."

"Ta tafi ina?"

"Ai da na sani da na bi ta."

Sai da na matsa masa sannan ya fayyace min. Ashe babban hoton da ke shimfiɗe a fuskar kwamfutar na Mai Girma ne, yana murmushi cikin babbar riga. 'Yar alamar da ake dannawa manhajar ta buɗe, wani ɗan ɗigon ruwa shuɗi, ita kuma ba ta sami wurin zama ba sai daidai kan hancinsa. Wata bakwai Sammani yana danna hancin nan sau biyu, ruwa yana zuwa, ba wanda ya ce uffan. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce sai ga Jami'in Kula da Martabar Mai Girma ya zo rangadi. Ya tsaya a bayan Sammani, ya ga abin da ake yi, ya yi salati.

"Ya ce min, 'Kai, hancin wa kake dannawa haka a gaban talakawa?'" in ji Sammani. "Na ja alamar gefe, na saki, ta koma kan hancin. Na sake ja, ta sake komawa. Wallahi sau biyar. Ya ce wannan da gangan ne, akwai hannun 'yan adawa. Ya karɓi mawus ɗin, abin dannawar nan, da kansa ya yi 'yan gyare-gyarensa, ya ce yanzu fuska ta fito. Fuska kam ta fito. Ruwa ne bai fito ba."

Na ce to me aka yi a kai? Ya ce an rubuta takarda zuwa sama, sama ta ce za a kafa kwamiti ya gano inda manhajar ta shiga, kuma ƙwararren da ya saka ta yana wani taron ƙara wa juna sani, sai bayan sati uku. Ku ji fa, jama'a. Kwamiti guda, da shugaba da sakatare da ruwan roba, a kan ɗigon da bai kai ƙwayar masara ba. Ina jinjina wa masu wannan tunani, domin ni da ƙaramar ƙwaƙwalwata ba zan taɓa kawo shi ba.

Daga nan na wuce wurin Mika'ilu ko zai duba zumunci. Na same shi zaune a kan ƙofar, ruwa cike da kanal yana wucewa abinsa.

Na ce, "Haba Mika'ilu, tare fa muka yi makarantar allo. Kai ma ka san yau layina ne."

Ya ce, "Na sani sarai, har na jiya ma na san na waye. Amma in na buɗe ba takarda, aikina ne zai tafi. Ka kawo min ko da yagaggiya ce, in dai daga injin ta fito."

Ban ga laifinsa ba, shi ma iyali gare shi. Amma gaskiya raina ya ɓaci, na tsaya ina kallon ruwa ga shi ga gonata, tsakaninsu bai fi taku arba'in ba.

Washegari da sassafe na hau babur sai Kura, wurin ƙanwata Saliha. Shekararta goma sha biyu tana da shagon buga takardu kusa da kasuwa, da shi take riƙe da 'ya'yanta biyar, kuma bakinta ya fi firintarta sauri. Na kwashe labari na gaya mata. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Ta ce, "Yaya, yanzu a kan wannan ne albasarka za ta mutu? Tashi mu je, amma kai za ka biya mai adaidaita, ni ba na hawa wannan babur naka."

Muka iso, Sammani ya ƙi tashi daga kujera, wai an ce kada kowa ya taɓa kafin kwamiti ya zauna. Mutanen benci suka yi masa caa, ya miƙe ya ba ta kujera. Saliha ta gyara mayafi, ta buɗe wani hoton kwando a kusurwa.

Ta ce, "Malam Sammani, ka ga wannan? Kwandon shara ne. Duk abin da aka goge nan yake faɗawa. Ga 'yar alamarku nan kwance." Ta mayar da ita. Tsulum, sai kan hanci.

Benci ya ɗauki kabbara. Sammani ya danna sau biyu, sai kwamfutar ta fito da wani rubutu, wai ta nemi abin ba ta same shi ba. Kabbara ta koma salati. Ni dai na ce shi ke nan, Jami'in Martabar nan ya kashe ta har lahira.

Saliha ta ce, "Ku kwantar da hankalinku. Ita alamar nan ba ita ce manhajar ba. 'Yar aike ce kawai, an ba ta kwatancen gida, in an danna ta sai ta je ta kirawo mai gidan. Bari mu ga kwatancen da ke hannunta."

Ta danna ɓangaren dama na mawus, ta buɗe bayanan alamar, ta karanta. Kwatancen ya ce manhajar tana cikin wata folda mai suna Ruwa. Ta shiga cikin kwamfutar ta duba, babu folda mai wannan suna. Sai ga wata doguwa, sunanta ya kusa cika layi: Kyautar Mai Girma Garkuwan Manoma Ga Al'umma. Ashe Jami'in Martaba bai tsaya kan hanci ba, ya ga sunan Ruwa ya yi tsirara da yawa, ya yi masa rawani. Manhajar na ciki lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Saliha ta ce za ta mayar wa foldar tsohon sunanta, Sammani ya ce ta rufa masa asiri, goge sunan Mai Girma ya fi danna hancinsa laifi. Ta ce to ba komai, ta kwafi dogon sunan ta liƙa a cikin kwatancen 'yar aike. Sannan ta nuna masa dalilin da ya sa alamar take komawa hanci: an saita kwamfutar ne ta riƙa jera alamomi da kanta. Ta cire wannan saitin, ta ce yanzu duk inda aka ajiye ta nan za ta zauna. Duka aikin bai kai a sha kofin shayi ba.

Sai kuma rigimar inda za a ajiye ta. Wani ya ce kan hula, Sammani ya ce rashin ladabi ne. Wani dattijo ya ce a ɗora a baki a huta da jawabi, aka ce ya yi wa Allah ya yi shiru. Gefen dama kuma duk kirarin Mai Girma ne a rubuce, ba dama a rufe ko harafi ɗaya. Saliha ta gaji, ta ce ita tana da masu jiranta a shago, ta ja alamar ƙasa ta sake ta a kan aljihun babbar riga. Sammani ya duba, ya ce nan kam ba a ambata a cikin doka ba.

Ya danna sau biyu, manhaja ta buɗe, firinta ta yi tari ta tofo takardata. Ban tsaya sallama ba. Mika'ilu ya karɓa ya ninke, ya murɗa ƙarfensa, kafin azahar ruwa ya shiga gonata. Komaye huɗu na albasa, na can ƙarshen gonar, sun riga sun ƙone, na tsuguna na duba su, ba yadda za a yi. Sauran kuwa zuwa la'asar sun fara ɗaga kai, na ji wani sanyi a raina da na daɗe ban ji irinsa ba.

Kwamiti, an ce, yana nan zai zauna ranar Laraba mai zuwa, kuma ina yi musu fatan alheri. Mu dai yanzu duk mai son ruwa sai ya je a taɓa masa aljihun Mai Girma sau biyu. Shekarata hamsin da uku a duniya, wannan ne karo na farko da na ga an taɓa aljihun babban mutum wani abu ya fito wa talaka.