Rasuwar Kofur a Hanyar Kandi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya yau kwana goma sha ɗaya, Saje Ezekiel mai ritaya, na Rikoto a garin Zuru, yana sanar da dangi da tsofaffin abokan bariki rasuwar babur ɗinsa, Kofur. Marigayin ya cika da hantsin wata Talata a bakin hanya tsakanin Segbana da Kandi, cikin Jamhuriyar Benin, inda tsofaffi ke kira ƙasar Faransa. Ya bar duniya yana da shekara goma sha tara.

Da kuɗin sallamar soja aka saye shi, aka kuma sa masa suna Kofur domin bai taɓa yi wa Saje musu ba. Ya ɗauko buhunan dawa daga Danko, ya ratsa taɓon Dirin Daji a tsakiyar damina, shi ne kuma ya kai Mama Rebecca, uwargidan Saje, asibiti ranar da maciji ya sare ta a gona. Da safe sai an taka shi sau uku. Na farko ya ce "kuf", na biyu ya ce "kuf", na uku ya ce "kurrr-tat-tat-tat", maƙwabta su san lokacin makaranta ya yi. Tun da yake, ba a taɓa ba da aronsa ba.

Ga yadda ajali ya same shi. Michael, malamin firamare, mijin Leah autar Saje, ya gani a waya cewa mutane kan ƙetare iyaka lokacin hutu, su yi hayar babur a can, su sha yawo da araha. Da yake mutum ne mai tsimi, sai ya ga ai hayar na gida ta fi sauƙi. To, suruki ba ya tunkarar suruki da irin wannan magana. Michael ya faɗa wa Leah, Leah ta faɗa wa uwarta, uwar ta jira Saje ya ƙoshi da tuwo sannan ta faɗa masa.

Saje ya ce aro dai babu, sai haya, kuma shi ba kuɗi yake so ba: kwana uku na huɗa a gonar dawarsa. Duk Rikoto an san dalili. Michael ya auri Leah bai yi golmo ba, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinya kafin a ba shi aure. Saje shekara bakwai ya yi yana duƙe a gonar uban Rebecca. Shi kuwa wannan da takardar makaranta ya zo, da tafin hannu mai laushi kamar burodi. Shekara huɗu ke nan Saje na amsa gaisuwarsa da hanci.

Yanzu a saurara da kyau, don nan ne maganar take.

Kafin tafiya, Michael ya aiko ta wannan hanyar dai, yana tambaya ko Kofur na da wata larura da ya kamata ya sani. Saje ya mayar da amsa cewa lafiyarsa ƙalau, kamar ranar da aka fito da shi daga kwali. Wannan ba gaskiya ba ne. Shekara shida ke nan Kofur na shan baƙin mai kamar ruwa. Akwai wata kwalbar baƙin mai da Saje ke ɓoyewa a jakarsa. Duk doguwar tafiya sai ya tsaya, ya ce da wanda ya goya ya yi gaba ya samu inuwa, shi zai kewaya, sai ya ɗura wa Kofur abinsa. Yawan kewayawar nan har ya dami Mama Rebecca, ta dafa masa saiwoyi masu ɗaci na maganin mara, ya kuwa shanye tas. Asirin da ya rufe wa matarsa, yaya zai buɗe shi gaban mutumin da bai yi golmo ba? Haka suka tashi, kwalba tana ƙarƙashin gadon Saje.

Kofur ya yi ta maza. Ya wuce Mahuta, ya wuce Koko, ya ƙetare kogin Kwara, ya shiga ƙasar mutane da maƙogwaro a bushe. Leah ta gaya wa uwarta a waya cewa maganarsa ta ƙarshe ita ce "ƙwas-ƙwas-ƙwas", daga nan injin ya buga, shiru. Michael ya tura shi cikin rana har wani ƙauye, wurin wani makanike mai guntuwar Hausa, ya kuma rantse ba zai taka Zuru ba sai Kofur ya tashi, don yana ganin shi ya kashe shi. Leah ta ce inda mijinta yake nan take. Ran Litinin ake komawa makaranta.

Tun daga ranar Saje bai zauna ba. Sau uku a rana yake zuwa tasha a ƙafa, yana leƙa motocin Koko. In ya dawo ya shiga zaure, ya tsaya kan tabon man da ke ƙasa, ya sake fita. Mama Rebecca ta tsinci kwalbar wajen shara, ta dube ta, ta dubi Saje. Tun daga nan da ƙara take ajiye masa kwanon tuwo.

Marigayin ya bar hular kwano guda, wadda kaza ke ƙwai a ciki, da famfon iska, da sifana biyu, da kwalbar da aka ambata, da tsoho ɗaya mai taurin kai.

Game da jana'iza: an yanke shawarar a bar Kofur inda ya faɗi, kamar yadda ake yi wa soja. An yarje wa makanike ya ɗebi abin da zai amfane shi. Kada a sake taɓa injin, ya mutu. Ana so Michael ya kwance lambar baya kawai, ya riƙo ta, ya riƙo Leah, su hau mota. Kwana ukun huɗa suna nan, ba a yafe ba, amma garma biyu aka wasa, ɗaya ta Saje ce.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da la'asar a ƙofar gidan Saje. An ajiye kujera ɗaya dab da tasa, ba mai zama a kai, kuma ba za a buɗe addu'a ba sai mai ita ya iso. Duk mai lambar Michael ya kira shi ya karanta masa wannan takarda daga farko har ƙarshe. Kada a tsallake wajen kwalba.