Hujjar da Na Samo Wurin Mai Tsire

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zauna gaban malamai uku ina kare kundin digirina. Bincikena a kan cinikin goro ne a Agege, inda aka haife ni, aka haifi babana. Malamar da ke duba aikina ta ce dole in kafa hujja da tsofaffin jaridu. Ni kuwa tunanin hawa motar haya ta danfo kullum zuwa laburare a Ikeja kaɗai ya kashe min jiki.

Sai Allah ya kawo sauƙi (haka na ɗauka). Wata rana na sayi tsire a bakin layinmu, aka naɗe min a yagaggiyar jarida. Ina ci ina karantawa, sai ga labarin fataken goro Hausawa, yadda suke sauke kwanduna da yadda dillalai ke yanke farashi. Saman shafin ya tafi da naman wani, babu sunan jarida balle kwanan wata. Na kakkaɓe yajin, na gina babi guda cur a kanta.

Ranar kare kundin, wani farfesa mai furfura ya ɗago kai ya ce, "Wannan jaridar da ka ambata, ina take?"

Mai hankali zai ce ta ɓata. Ni na zaro ta daga jaka ina ƙasaita, na miƙa masa. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ya cika ofishin. Ya riƙe ta da yatsu biyu, ya karanta, ya cire tabarau.

"Ɗana, ni na rubuta wannan. A kan unguwar Sabo ta Ibadan ne, ba Agege ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma bakina bai mutu ba. Na ce, "Yallaɓai, ai goro goro ne."

Malamata ta rufe fuska da fayil. Aka soke babin, abokaina suka yi bikin kammalawa babu ni, aka ƙara min zango guda. Da na kai ƙorafi wurin mai tsiren, ko kallona bai yi ba.

"Oga, ni nama na sayar maka, ba ilimi ba."

Har gobe ban yarda laifin nawa ne ni kaɗai ba. Wa ya karanta rubutun farfesan nan da zuciya ɗaya kamar ni? Ko godiya bai yi min ba. Amma na ji jiki. Yanzu ko rasuwata jarida ta buga, sai na duba saman shafin kafin in yarda.