Sallau Kurege, Masanin Haƙa Rami

A wani daji can bayan tsauni, dabbobi sun kafa babbar makaranta a gindin kuka, shekara huɗu ake yi a cikinta. Shugabanta shi ne Shehin Malami Gauraka, wanda bai taɓa sa ƙafa cikin rami ba, amma littafi uku ya rubuta a kan ramuka.

A nan wani saurayin kurege mai suna Sallau ya karanci Ilimin Haƙa, ya fito da sakamakon da ba a taɓa gani ba. Uwarsa ta yi ta guɗa har muryarta ta dushe. Shi kaɗai gare ta, tsufa ya kama ta, rumbunsu kuwa wayam. Ido rufe yake neman aikin da zai ciyar da ita.

Sai ya nufi wurin Iya Dije Gafiya, uwar ɗakin mahaƙa, wadda duk wani ramin kirki a dajin aikinta ne. Ta karɓi takardarsa, ta shinshina, ta ajiye gefe, ta nuna masa ƙasa.

"To bismillah, ɗan nan. Haƙa mini kamu ɗaya in gani."

Sallau ya gyara murya, ya jero mata ire-iren ƙasa goma sha biyu, ya ɗora da tarihin rami tun kaka da kakanni. Iya Dije ta ce madalla, saura haƙar. Bawan Allah ya durƙusa yana ta shafar ƙasa har azahar, abin da ya tona ko ƙwan kurciya ba zai ɓoye ba. Ta sallame shi.

Kai, ranar Gauraka ya sha ɓacin rai! Ya kai ƙara majalisar daji, wadda Kunkuru ke shugabanta, aka taru.

"Ranka ya daɗe," in ji Gauraka, "wannan cin fuska ne ga ilimi. Yaron nan da ka yake kawo zurfin rami da faɗinsa. Ya san ramin da ke jure ruwa da wanda ke ruftawa, har ya gano kuskure a littafina na biyu, na kuwa yafe masa. Sai wadda ko baƙi ba ta sani ba ta kore shi saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wai haƙa!"

Iya Dije ta miƙe tana karkaɗe ƙasa daga jikinta. "Ranka ya daɗe, gaskiya ne ban yi karatu ba. Yaron ma ya burge ni, da baki ake haƙa da tuni ya kai ruwa. Abu ɗaya nake roƙo, ya ɗaga hannuwansa jama'a su gani."

Sallau ya ɗaga. Yatsu sumul, babu farce ko ɗaya.

"Ɗan nan, ina faratanka?"

"Kowace Asabar ake yanke mana, Iya, don kada mu yaga littattafai."

"To a ina kuke yin haƙar?"

"A allo muke zanawa. Haƙa a harabar makaranta laifi ne, tana ɓata filin taron yaye ɗalibai."

Gauraka ya ce ai littattafan masu daraja ne, dole a kiyaye su, 'yan majalisa kuma suka gyaɗa kai, don yawancinsu can suka yi karatu.

Iya Dije ta tausaya wa yaron. Ta ce ya zauna a wurinta yana kwasar ƙasa har faratansa su tsiro, zuwa baɗi warhaka ta mai da shi mahaƙi, amma kafin nan cikinsa kaɗai za ta iya riƙewa. Wallahi farin ciki ya kama Sallau, don tun yana ƙarami burinsa ke nan, ya ji hannunsa cikin ɗanyar ƙasa. Sai ya waiga ya ga uwarsa zaune a bayan taro, ta rame kamar kara.

Gauraka ya buɗe fukafukai. "Haba! Gwanin ajinmu ya kwashi ƙasa? Akwai gurbin malami a Sashen Haƙa. Ya fara gobe, da abincinsa da na tsohuwarsa."

Kunkuru ya ce Alhamdulillahi, an warware matsala, kowa ya tashi. Sallau ya daɗe yana kallon yatsunsa, sannan ya ce wa Iya Dije ta yi haƙuri. Ta ce ba komai, Allah ya sa albarka.

A bana masana haƙa saba'in Malam Sallau zai yaye. Iya Dije kuwa har yanzu cigiyar mahaƙi ɗaya take yi.