Fiyanon Ƙwanni

"Lahiya lau, sai dai gaisuwar taki ba mai ba gishiri," in ji Alhaji Maccido, yana kishingiɗe a zaure.

Salwa ta dire ƙaramin fiyano a gaban kakan nata. Jibi za ta kaɗa waƙar maraba a bikin makarantarsu ta Illela, in ta kasa a ba 'yar ajinsu Hindatu. Malami ya rubuta mata waƙar da haruffa, C, D, E, ta gwada a gida. Shi kuwa tsohon, da shegen son araha, sai ya tsallaka Ƙwanni ta ƙasar Nijar ya sayo wanda aka manna wa do, re, mi.

"Tsoho, mi kas sawo min? Fiyano nic ce, ba Bafaranshe ba!"

"Kyauta da ƙorahi? To wanga karatu naku, daga ina shika farawa?"

"Daga C. Sai D, E, F, G, kana A da B."

"A na shidda? An tura babba baya? Ko jakina ya san alif ka gaba. Malaminku rana ta buge shi."

"Kai mi ka sani ga kiɗi? Fiyanon ma ya hi ka haƙora."

"Nawa ukku na, amma sun ci naman da ba ki taɓa gani ba."

Salwa ta yi dariya, sai dai idonta ya kawo ruwa. Wata guda ke nan tana mafarkin bikin nan.

Maccido ya lura, ya tashi zaune. Ashe shekara biyu ya yi a lakwal, makarantar bokon Faransanci ta Ƙwanni, kafin babansa ya ja shi fatauci. Ya gyara murya, muryar da ta fi kama da tsohon kyaure, ya bi fararen maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana rerawa: do, re, mi, fa, sol, la, si.

"Tsaya! Sake!" Salwa ta dafe hannunsa. "Ai wanga shi na C, D, E namu! Do shi na C, la shi na A!"

"Ɗanjuma na da Ɗanjummai, sarauniyar gardama. Iyaka ɗai ta raba su."

Ta zaro biro tana rubuta haruffa ƙarƙashin kowane suna.

"Na yarda, da tsohuwar zuma aka magani. Jibi kujerar gaba taka ta. Amma don Allah, tsoho, kar ka raira."

Maccido ya ƙyalƙyale da dariya, har haƙoran nan uku suka fito gaba ɗaya.