Sabon Raket ɗin Alhaji Bappa

A wata ma'aikatar jiha da ba sai an kama sunanta ba, an yi wani babban sakatare, Alhaji Bappa, Bafulatani dogo siriri, wanda duk duniya ba abin da yake tinƙaho da shi kamar ƙwallon tanis. Ka kushe aikinsa zai iya ƙyale ka, amma ka ce bugunsa ya karkace, to ka ja wa kanka. Tun da ya hau kujerar babban sakatare ba a taɓa cinye shi ba a kulob ɗin ma'aikata. Kofin gasar shekara-shekara ya zauna a falonsa har ya zama ɗan gida, sai da ya sa kafinta ya yi masa kabad na gilashi da ɗan ƙwan lantarki a ciki. Baƙo in ya zo, kafin a kawo masa ruwa an nuna masa kofi.

Abin da Alhaji bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ba shi ne, su wane ne abokan karawar tasa. Yaran ofishinsa ne kaf. Wannan yana jiran ƙarin girma, wancan yana so a tura shi kwas, ɗayan yana gudun kada a jefa shi ƙauyen da ba wuta ba ruwa. Faɗuwa a hannun maigida kuwa sana'a ce mai zaman kanta, ba kowa ya iya ta ba. Sai ka aika masa ƙwallo daidai inda yake tsaye, a hankali, kamar mai miƙa wa suruki goro. In ya bugo ta ta wuce layi, kai za ka riga kowa ɗaga murya, "Ta shiga, ranka ya daɗe!" In ta zo maka a sauƙaƙe, ka yi gudu, ka miƙa hannu, ka kuskure ta da ƙyar, in da hali ka faɗi ka tashi kana kaɗe wando kana girgiza kai. Gwanin wannan fanni shi ne Nafi'u, wani jami'i a sashen mulki, wanda ya taɓa wakiltar jami'arsu a tanis. Nafi'u ya iya faɗuwa har mai kallo ya tausaya masa.

Mutum ɗaya ne a kulob ɗin ba ya tafa wa Alhaji. Shi ne Alhaji Modu, Babarbare, wanda ya riƙe kujerar kafin Bappa. Shi ma a zamaninsa zakara ne, amma tun da ya yi ritaya ya rataye raket, ya ce gwiwa ce ta hana shi. Kullum yana baranda da shayinsa da jaridarsa yana kallon fili. Tsakaninsa da Bappa kuwa wasan Barebari da Fulani ne, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa son ransa ba mai jin haushi.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ranar ritayar Alhaji Bappa ta zo, ma'aikata suka shirya masa walimar ban kwana, suka haɗa hannu suka yi odar raket daga waje. Baƙi ne mai ratsin ruwan zinare, ba shi da nauyi ko kaɗan, ka ɗaga shi kamar ka ɗaga faifai. Nafi'u ne ya rusuna ya miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, irin wanda manyan 'yan wasan duniya ke riƙewa ne."

Alhaji ya kaɗa shi a iska, ya ji ya yi wani ɗan fito, daɗi ya kama shi har kunne. Ya juya ga jama'a ya ce, "To kun kashe kanku da kanku. Da tsohon raket na hana ku sakat, ina ga yanzu da ga lokaci ga sabon makami? Kofin nan sai dai ku gan shi a hoto."

Aka yi tafi raf-raf. Alhaji Modu ya leƙo ta saman jarida ya ce, "Bafulatani, in za ka ji shawara, ka rataye shi kusa da kofin. Raket ɗin ritaya ado ne."

"Kai dai da gwiwa ta kashe ka yi mana shiru," in ji Bappa. "Hassada ga mai rabo taki."

Asabar ta farko bayan ritaya Alhaji ya iso kulob da farar riga da farin wando da sabon raket a jaka, ya kira Nafi'u fili kamar yadda aka saba. Nafi'u ya jefa ƙwallo sama ya buga. Alhaji dai ya ji wani abu ya wuce ta gefen kunnensa fiu, ya waiwaya ya ga ƙwallo tana birgima a gindin katanga. Ya dubi raket, ya dubi Nafi'u, ya ce bai shirya ba. Aka sake. Wannan karon ta bi ta ɗaya kusurwar, Alhaji ya bi ta da gudun da rabonsa da yin irinsa tun yana makarantar kwana, kafin ya isa ta gama abin da ya kawo ta. Da bugu ya dawo hannunsa ya zage ya narka mata, ta tashi ta sauka can bayan layi.

"Ta fita, Alhaji," in ji Nafi'u.

Alhaji ya tsaya cak. Shekara da shekaru yana irin wannan bugun, bai taɓa jin ta fita ba. Nan take ya gano bakin zaren: raket ɗin ne yake da tura. Da tsohon raket ƙwallo ita ke nemansa, da wannan kuwa gudunsa take yi. Aka tashi wasa bai ci ko zagaye ɗaya ba, ya koma mota yana haki, ransa a ɓace, bai ko tsaya sun gaisa da Modu ba.

Daga nan aka shiga jinyar raket. Ya kai shi wurin mai ɗaure zaren raket a bayan filin wasa, ya ce an ja zaren da yawa, a sassauta. Aka sassauta, aka cinye shi. Ya mayar ya ce a ƙara ja. Aka ja, aka sake cinye shi. Ya sa aka naɗe mariƙin da sabon ƙyalle, ya ce santsi ne ke kwashe masa hannu. Da duk wannan ya ƙi, sai ya yi nazari ya ce ai abin an ƙera shi ne don ƙasar sanyi, zafin nan namu ne ke narka masa ƙarfi. Washegari matarsa Hajiya Dudu ta buɗe firiza za ta ɗauko nama, sai ga raket kwance a kan kajin da ta ajiye.

"Alhaji, wannan kuma farfesu za a yi da shi ko miya?"

"Ki bar shi ya huce. Ba ki san kan abin nan ba."

Raket ya huce, Alhaji ya kai shi fili da sanyinsa, aka yi masa cin da ya fi na baya. Sai ya yi fushi ya zaro tsohon raket ɗinsa daga bayan kujera, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ranar nan Malam Isiyaku na sashen rajista ya kara da shi, mutumin da ke fama da asma, wanda a da in sun yi wasa sai ya zauna ya huta sau uku. Malam Isiyaku ya cinye shi ko gumi bai yi ba, ya ma ce in Alhaji yana da sauran ƙarfi a ƙara. Abin ya yi wa Alhaji ciwo ƙwarai, amma bai rasa bayani ba. Ya ce sabon raket ne ya ɓata masa hannu, sai a hankali zai dawo.

Ga gasa ta matso, ga kofi a kabad yana kallonsa. Sai kuma ya fara jin wani labari da ya ƙara dagula masa lissafi. Wai Alhaji Garzali, tsohon mataimakinsa da ya gaje shi a kujera, ya fara zuwa kulob, kuma wai hannunsa yana kyau. Garzali! Mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga ofis, wanda Bappa ya taɓa gani da idonsa ya bugi iska har raket ya kuɓuce masa ya faɗa cikin furanni. Dama can ba sa ga maciji da juna. Alhaji Bappa ya kwana yana juya abin, da safe ya tashi da dabara. Ya goge sabon raket tas, ya sa shi a jakarsa, ya kai wa Garzali har fili.

"Ga wannan, na ga ka shigo harkar. Babban sakatare bai kamata ya riƙe raket ɗin aro ba."

Garzali ya karɓa da hannu biyu yana ta godiya. Bappa ya juya yana murmushin mugunta. A ransa ya ce, je ka ka gani, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ranar gasa Alhaji ya naɗo kofi a tawul ya sa a bayan mota, ya ce wa Hajiya kada ta kashe ƙwan kabad, yanzu zai dawo da shi. Ƙuri'a ta haɗa shi da Nafi'u a zagayen farko. Ba a daɗe ba. Kafin masu kallo su gama gyara zama Alhaji ya fito daga fili da tsohon raket a hammata, ya je ya zauna kusa da Modu a baranda, yana shan ruwa kamar raƙumi. Abu ɗaya ya rage masa na sanyaya zuciya: ya zauna ya ga yadda la'anannen raket ɗin nan zai kunyata Garzali.

Sai ga Garzali yana ta wucewa zagaye bayan zagaye, har ya kai wasan ƙarshe, shi da Nafi'u. Bappa ya gyara zama ya ce to yanzu za a yi ta.

Nafi'u ya jefa ƙwallo sama ya buga, ta tafi a hankali, ta sauka daidai gaban Garzali kamar an aike ta. Garzali bai ko ɗaga ƙafa ba, ya kai mata duka, ta tashi ta wuce layi har ta kusa taɓa katanga.

"Ta shiga, ranka ya daɗe!" in ji Nafi'u.

Bappa ya miƙe tsaye. "Wace irin shiga? Ta fita! Kowa ya gani!"

Alƙalin wasa, wanda shi ma takardarsa ta neman kwas tana kan teburin Garzali, ya ce, "Ta taɓa layi, Alhaji. Daga nan inda kake ba za ka gani ba."

Bappa ya koma ya zauna baki buɗe. Wato har lanƙwasa ƙwallo raket ɗin yake yi ta dawo cikin fili! Yana kallo Garzali ya tsaya wuri ɗaya kamar an dasa shi, ƙwallo tana ta zuwa gaishe shi. Yana kallo Nafi'u, wanda ɗazu ya mayar da shi abin tausayi, yana gudu yana miƙa hannu yana kuskurewa, har ya faɗi ya tashi yana kaɗe wando yana girgiza kai. Jama'a suna ta tafi suna cewa ba su taɓa ganin hannu irin na babban sakatare ba. Bappa ya ciji yatsa. Da hannunsa ya ɗauki makamin cin kofi ya kai wa maƙiyinsa, har da goge masa shi.

Ba a bar shi haka ba. Shugaban kulob ya ce ai girmamawa ce tsohon zakara ya miƙa wa sabo. Alhaji ya je mota ya kwance tawul, ya kawo kofin da ya yi shekaru yana haskawa da ƙwan lantarki, ya danƙa wa Garzali, mai hoto yana cewa ya ɗan yi murmushi. Garzali ya ɗaga raket sama ya ce, "Wallahi Alhaji, abin nan da ka ba ni ba dama. Shi yake wasan da kansa."

Bappa ya dawo baranda ya zube a kujera. Ya juya ga Modu.

"Kai Babarbare, ka gani da idonka. Raket ɗin nan fa shi ne. Na sassauta shi, na ja shi, har firiza na sa shi, ya ƙi ni ƙememe. Yau ga shi a hannun Garzali, mutumin da ko kaza ba zai iya kora ba, yana abin al'ajabi. Don Allah me ke damun raket ɗin nan?"

Modu ya kurɓi shayi, ya ninke jarida. "Lafiyarsa ƙalau. Su wa suka saya maka shi?"

"Ma'aikata mana."

"To ai shi ma ma'aikaci ne, Bafulatani. Ƙarin girma yake jira, kai kuwa ka daina sa hannu."