Dawakai Saba'in da Shanun Baba

Kafin in sayi motar nan, sai da na hana majalisarmu ta Ƙanƙara sakat da zancen inji. Malam Sani direba ya ce in nemi mai babban inji, tunda hanyar ƙauye nake bi. Na yi masa kallon tausayi. Na ce 'yar ƙaramar da na gani, mai guntun baya, ba ta shan mai, kuma ƙarfin doki saba'in gare ta.

"Doki saba'in fa, Malam Sani. Kai ko jaki gare ka?"

Ina sayenta na ɗauki surukina, Baba Alhaji, zan kai shi gida Mabai, da buhunan takinsa a baya. Da muka doshi rafi ya ce, "Malam, an yi ruwa jiya, a zagaya ta tudu." Na ce ai wannan ba ta san laka ba.

A tsakiyar rafi motar ta kafe. Na taka mai, ta yi kukan akuya, ta ƙara nutsewa. Baba ya naɗe wando, ya sauka, ya aika a kawo shanun nomansa. Biyu kacal. Suka fisgo mu ko nishi babu, rabin gari na kallo, ni kuwa na riƙe sitiyari gam kamar ina da wani aiki.

Har yau in na durƙusa gaishe shi, sai ya amsa da fara'a, sannan ya ce, "Ya dawakai, Malam? Suna dai samun ci?"